Alhamis a jami'a, sauran kwanaki a aji: yadda wata ɗalibar Glasgow ta kusa barin kwas ɗin cinikin tufafi

Asalin lamarin

A Scotland karatun sakandare shekara shida ne, amma karatun dole yana ƙarewa ne da yaro ya kai shekara 16. Wanda ya zauna har aji biyar zai rubuta jarrabawar Higher, wadda jami'o'in ƙasar suka fi dubawa wajen ɗaukar ɗalibai. Aji shida kuwa sau da yawa jadawalinsa a sake yake. Wasu na ƙara Higher ɗaya ko biyu, wasu na hawa mataki na gaba, wato Advanced Higher, wasu kuma zaman jiran ƙarshen shekara kawai suke yi. Wannan sararin ne kwalejoji da jami'o'i suka shigo su cike, musamman bayan kwamitin Sir Ian Wood ya miƙa rahotonsa a Yunin 2014, gwamnati kuma ta fito da shirin shekara bakwai na haɗa makaranta da wurin aiki, da burin rage rashin aikin yi tsakanin matasa da kashi 40 cikin ɗari zuwa 2021.

Kwas ɗin da ake magana a kansa na wata jami'a ne a birnin Glasgow. Ana sallamar ɗaliban aji shida daga makarantunsu yini guda a kowane mako su je jami'ar su koyi yadda ake cinikin kayan yayi: yadda ake zaɓen haja, yadda ake sa farashi, yadda ake jera kaya a kanti, da yadda kamfani ke gina sunansa a idon masu saye. Matakinsa na 7 ne a ma'aunin karatun ƙasar, daidai da Advanced Higher da shekarar farko ta jami'a. Ba kwas ɗin ɗinki ba ne, ba kuma na zanen tufafi ba.

Ɗalibar 'yar shekara 17 ce, tana zaune da mahaifiyarta da ƙaninta ɗan firamare a wata unguwa a gefen birnin. A aji biyar ta ci Higher ta Turanci da ta zane-zane. Lissafi kuwa da kyar ta haye a matakin ƙasa, daga nan ta yi sallama da shi. Babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu. Tana karɓar alawus ɗin EMA, fam 30 a mako, wanda ake ba 'yan shekara 16 zuwa 19 daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Ana biyansa duk mako biyu, da sharaɗin ɗalibi bai yi fashi ba.

Yuni zuwa Agusta 2018: shiga

Ta cike fom tun kafin hutun bazara, aka ɗauke ta. Da aka koma makaranta a tsakiyar Agusta, jadawalinta ya ƙunshi Higher biyu, ta harkokin kasuwanci da ta tarihi, sai ranar Alhamis da aka ware wa jami'a. An tsara jadawalin makarantar gaba ɗaya kafin jami'ar ta tabbatar da ranar da za ta karɓi ɗalibai, don haka Alhamis ta faɗo kan darasi biyu a jere na kasuwanci da darasi ɗaya na tarihi. An lura da hakan, aka ce za ta riƙa cike giɓin da kanta.

A ranar 10 ga watan nan ne kamfanin House of Fraser mai manyan kantuna ya durƙushe, kamfanin kayan wasanni na Sports Direct ya saye shi kan fam miliyan 90. Asalin kamfanin daga Glasgow yake, babban kantinsa na titin Buchanan kuma kowa a garin ya san shi. Mahaifiyar ɗalibar ta kawo wannan labari a matsayin hujja cewa sana'ar ba ta da gaba, amma ba ta hana ta ba.

Satumba zuwa tsakiyar Oktoba: farkon matsala

Makonnin farko sun yi mata daɗi. Da safe lacca, da rana a fita gari. An raba su rukuni-rukuni, aka tura su titunan Buchanan da Argyle da Sauchiehall da littafi da biro. Aikinsu su tsaya nesa kaɗan da ƙofar kanti na minti ashirin su ƙirga: mutum nawa ya wuce, nawa ya tsaya ya kalli tagar gilashi, nawa ya shiga, nawa ya fito da jaka a hannu. Daga nan su shiga su duba abin da aka ajiye a bakin ƙofa, abin da aka kai can ƙurya, da ƙananan kayan da aka jera kusa da wurin biyan kuɗi, irin su safa da ɗan kunne, waɗanda mutum kan ɗauka yana kan layi. A wannan fanni ta fi kowa ido a rukuninsu. Ita ce ta lura cewa wani kanti ya sa wa mutum-mutumin taga rigar da babu ita a kan rataye na kusa da ƙofa, mutane na shiga su waiga su fita.

Matsala ta fara bayyana ta fuska uku, ba a lokaci ɗaya ba.

Ta farko kuɗi. A mako na uku alawus ɗinta bai shigo ba. Da aka bincika, sai aka ga malaman da ke kiran suna ranar Alhamis suna rubuta ta a matsayin wadda ba ta zo ba, ofishin makaranta kuma yana tura rahoton yadda ya same shi. Mahaifiyar ta buga waya, aka gyara, kuɗin ya zo a makare. Bayan mako biyu abin ya sake faruwa. Ga kuɗin mota zuwa tsakiyar gari da dawowa, wanda aka ce za a mayar mata amma sai ta fara biya daga aljihunta. A lokacin ba a fara ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 22 kyauta a bas ba. Wannan sai 31 ga Janairun 2022.

Ta biyu darasin kasuwanci. Malamin yakan buɗe sabon babi ne a darasi biyun nan na Alhamis saboda su ne mafi tsawo a mako. Ranar Juma'a sai ta tarar ana amsa tambayoyi kan abin da ba ta ji ba.

Ta uku ta fito ne daga cikin kwas ɗin kansa. A mako na biyar aka shiga lissafin kanti. Misalin da aka ba su shi ne rigar da aka sa wa farashin fam 24. Kashi 20 cikin ɗari na harajin VAT yana cikin kuɗin, don haka abin da ke shiga hannun kanti fam 20 ne. Idan an saro ta fam 8, riba fam 12 ce kafin a cire haya da albashi da wuta. Aka ce to a yi ragin kashi 30, nawa ya rage? Ta amsa cewa riba ma za ta ragu da kashi 30. Amsar ita ce farashi ya koma fam 16.80, bayan haraji fam 14, riba fam 6. Rabin ribar ya tafi. Ta kwafi amsar ba tare da ta gane hanyar ba, ba ta kuma ɗaga hannu ba, domin a ganinta sauran duk sun gane.

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: abubuwan da aka gwada

Bayan hutun Oktoba malamar da ke kula da walwalarta a makaranta ta kira ta, saboda makinta na gwajin kasuwanci ya faɗi ƙasa da rabi. Aka fara da abu mafi sauƙi: malaman Alhamis su riƙa ajiye mata takardun darasi, wata ƙawarta kuma ta riƙa ɗaukar hoton littafinta ta tura mata a waya. Takardun sun riƙa zuwa, amma kanun bayani ne kawai, bayanin kansa a baki aka yi shi. Ta tara su a jaka.

Sai aka ce ta riƙa tsayawa ƙarin darasi bayan an tashi ranar Litinin. Ta je sau biyu ta daina, domin a lokacin ne take ɗauko ƙaninta, mahaifiyarsu tana wurin aiki har yamma. Ba ta faɗa wa kowa dalilin ba, aka ɗauka ba ta damu ba ne.

Na uku ita ta ƙirƙiro shi da kanta. Ta fara sulalewa daga jami'a da tsakar rana don ta riski darasin tarihi na ƙarshe. Wannan ya fi sauran ɓarna. Fitar rana ita ce ɓangaren da ta fi iyawa, a nan ne kuma rukuninsu ke tattara bayanan aikin da za a ba maki. 'Yan rukunin suka fara raba aiki ba da ita ba. Malamar jami'a ta ga kujerarta babu kowa da rana, ta aika saƙo adireshin makarantar na gaba ɗaya, saƙon bai kai ga malamar da ke kula da ita ba.

A tsakiyar Nuwamba, ganin alawus yana zuwa yau gobe babu, ta nemi aiki a wani ƙaramin shagon kayan mata a unguwarsu. Fam 4.20 ake biyan ta a awa, mafi ƙarancin albashin 'yan ƙasa da shekara 18 a wannan shekarar. An fara da Asabar kawai. Da Black Friday, ranar babban ragin farashi a kantuna, ta zo a 23 ga Nuwamba aka shiga hidimar Kirsimeti, sai aka ƙara mata Lahadi, da kuma yamma biyu a cikin mako. Kuɗi ya samu, lokacin karatu ya ƙare.

Disamba: ta yanke shawarar bari

A jarrabawar gwaji ta makaranta ta faɗi kasuwanci, ta haye tarihi da kyar. Ta yi fashin Alhamis biyu a jere. Kafin hutun Kirsimeti ta gaya wa malamarta cewa za ta ajiye kwas ɗin, ba za ta kuma cike fom ɗin UCAS na neman jami'a ba, wanda za a rufe karɓarsa 15 ga Janairu. Ta ce ta je jami'a ta gani, ba wurin irinta ba ne. Malamar ta roƙe ta kada ta sa hannu a komai sai an dawo hutu, ta kuma nemi lambar malamar jami'a ta kira ta kai tsaye. Wannan ne karo na farko da mutanen biyu suka yi magana tun da aka fara kwas ɗin.

Janairu 2019: zama ɗaya da abin da ya biyo baya

A makon farko na sabon zango aka zauna mutum huɗu: malamar makaranta, malamar jami'a, ɗalibar da mahaifiyarta. A nan ne kowa ya ji abin da bai sani ba. Jami'a ba ta san alawus yana tsayawa ba. Makaranta ba ta san tana barin jami'a da rana ba. Dukkansu ba su san zancen ɗauko ƙani ba, ba su kuma san yawan awannin da take yi a shago ba.

Aka shigar da duk Alhamis ɗin da suka rage a rajistar makaranta tun kafin su zo, a matsayin karatu a wani wuri, jami'a kuma ta ɗauki alkawarin tura sunayen waɗanda suka halarta kowace safiyar Juma'a ga mutum ɗaya da aka ambata. Daga nan alawus bai sake tsayawa ba. Aka mayar da ita wani ajin kasuwanci na 'yan aji biyar wanda dogon darasinsa ke faɗowa ranar Talata. Wannan canji ya ci karo da tarihi, dole aka zaɓi ɗaya, ta ajiye tarihi. Aikin shago ya koma Asabar kaɗai.

Ragowar matsalar lissafi ce, kuma hanyar da aka bi da ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk lamarin. Malamar jami'a ta tambaye ta me ke faruwa a shagon da take aiki. Ta ce rigunan sanyi sun yi kwantai. Kaka ta zo da ɗumi a 2018, mutane ba su sayi manyan riguna da wuri ba, kuma ba ƙananan shaguna kaɗai abin ya taɓa ba. Kamfanin tufafi na Superdry ya yi gargaɗin raguwar riba yana kuka da ɗumin yanayi, ASOS mai sayar da tufafi ta intanet ma a tsakiyar Disamba ya sanar cewa cinikin Nuwamba bai yi kyau ba ga ragi ya yi yawa a kasuwa, hannun jarinsa ya zube. Irin waɗannan riguna ana yin odarsu watanni da yawa kafin sanyi, daga masana'antu a Sin ko Turkiyya ko Bangladash, don haka in yanayi ya saɓa babu damar janyewa, kaya sun riga sun iso. Malamar ta ce to wannan shi ne aikinta na zango na biyu: ta roƙi mai shagon izinin duba littafin kaya, ta rubuta abin da ya faru da rigunan.

Fabrairu zuwa Afrilu: rataye ɗaya na rigunan sanyi

Mai shagon ta yarda da sharaɗin ba za a ambaci sunan shagon ba. Ɗalibar ta fara da ƙirga abin da ke rataye da abin da ke cikin sito, ta gwada da takardar da aka kawo kayan da ita. A jikin wasu rigunan akwai takardar farashi uku a manne, ɗaya kan ɗaya. Ta ɓamɓare su a hankali da farce, ta rubuta farashin farko, da na Black Friday, da na bayan Kirsimeti. Kowane ɗaya ta cire haraji, ta cire kuɗin sari, ta ga abin da ya saura. A ragi na uku wasu rigunan uwar kuɗi kawai suke mayarwa.

Lissafin da ya gagare ta a kan allo shi ne ta yi a nan sau da dama ba tare da an sa ta ba, domin tana so ta san amsar. Wanda ya san yadda yaron shago ke koyon ciniki a Kantin Kwari, yana zaune kusa da maigida yana jin nawa aka saro nawa za a sallama, ba zai yi mamaki ba.

Ta kuma gano abin da mai shagon ba ta tsaya ta duba ba. Matsakaitan riguna sun ƙare tun a farashin farko. Waɗanda suka yi kwantai ƙanana sosai ne da manya sosai, kuma launi ɗaya ne ya fi yawa a ciki. Ke nan ba ɗumin yanayi kaɗai ba ne, an saro kowane girma daidai wa daida alhali masu saye ba haka suke ba. A rahotonta ta ba da shawarar a ƙara yawan matsakaita a odar gaba, a kuma yi ƙaramin ragi da wuri kan abin da ba ya tafiya maimakon babban ragi a kan komai a makare.

Jarrabawar Higher ta kasuwanci tana da aikin bincike mai ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu na maki, inda ɗalibi ke zaɓen wata sana'a ya nazarci matsala guda a cikinta. Ta ɗauki shagon nan, ta rubuta aiki dabam kan yadda yake tallata kansa. Bincike ɗaya ya ciyar da aiki biyu. Daga Janairu har aka rufe kwas ba ta yi fashin Alhamis ko ɗaya ba, ta kuma koma cikin rukuninta ta gabatar da ɓangarenta a gaban aji.

Mayu zuwa Agusta 2019: sakamako

Ta ci kwas ɗin jami'a. Makinta na zangon farko rauni ne da shi, na biyu ya ɗaga shi. Sakamakon Higher ya fito ranar Talata 6 ga Agusta, ta sami B a kasuwanci. Tarihi babu, tunda ta ajiye shi. Ranar rufe UCAS ta wuce ba ta nema ba, don haka ba ta shiga jami'a a wannan shekarar ba. Ta nemi kwaleji, aka ɗauke ta karatun HNC, wato kwas ɗin kwaleji na shekara ɗaya, a fannin kasuwancin tufafi. A Scotland mai HNC na iya shiga shekara ta biyu ta digiri, mai HND, wato na shekara biyu, ya shiga shekara ta uku, a inda jami'a da kwaleji suka yi yarjejeniya. Ta ci gaba da aikin Asabar.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Duk matakai ukun da aka fara gwadawa sun ɗauka cewa matsalar tana jikin yarinyar: ba ta ƙoƙari, ko ba ta tsara lokacinta. Shi ya sa kowannensu ƙarin kaya ne a kanta, takardu, ƙarin darasi, gudu tsakanin wuri biyu. Alhali abin da ya lalace yana tsakanin makaranta da jami'a ne, inda babu wanda aka ɗora wa alhaki. Kowane ɓangare ya yi aikinsa daidai a cikin gidansa. Malamin da ya rubuta ba ta zo ba gaskiya ya rubuta, ba ta cikin ajinsa. Gyaran rajista bai ci ko kwabo ba, kuma da an yi shi a Agusta da ba ta shiga aikin kwana huɗu a mako ba, da wataƙila jarrabawar Disamba ba ta zo yadda ta zo ba.

Ina ganin kuskure ne a karɓi ɗalibi a irin wannan kwas ba a gaya masa tun farko cewa akwai lissafi a ciki ba. Sunan kwas ɗin yana jawo masu son zane da ado, da yawansu kuwa sun rabu da lissafi tun shekara 16. Gwajin minti goma a makon farko zai nuna wanda ke buƙatar taimako kafin kunya ta rufe masa baki. Abin da ya buɗe mata kai shi ne lambobin sun zama na kayan da ta taɓa da hannunta, kuma wannan sa'a ce ta samu saboda ƙaramin shago ne. Manyan kamfanoni ba sa buɗe wa 'yar aikin Asabar littafinsu. Idan jami'a na son kowane ɗalibi ya sami wannan dama, ita ya kamata ta nemo shagunan da za su yarda.

Ban kira sakamakon cikakkiyar nasara ba. Ta yi asarar Higher guda, ta kuma rasa zagayen neman jami'a na wannan shekarar saboda makonni kaɗan na karayar zuciya da suka faɗo daidai lokacin cike fom. Tsoron mahaifiyarta ma ba na banza ba ne: kamfanin manyan kantuna na Debenhams ya shiga hannun masu binsa bashi a Afrilun 2019, Arcadia mai kantunan tufafi na Topshop ya rushe a ƙarshen Nuwamban 2020, kantunansu suka rufe, sunayen suka koma hannun masu sayarwa ta intanet. Kwas ɗin da ke nuna wa yara tagar gilashi ya wajaba ya nuna musu wannan ma, ya kuma karkata su ga ayyukan da ba su dogara da ƙofar kanti ba, irin su sayo haja da tsara yawan kaya da farashi, waɗanda su ne ta taɓa a aikinta na rigunan sanyi.

A shekarar da ta biyo baya makarantar ta fara tambayar ranar jami'a kafin ta kulle jadawalin aji shida, ta kuma sa sunan malami ɗaya a kan kowane ɗalibin da ke fita. Canjin aji da ya ceci wannan ɗaliba ya yiwu ne saboda makarantar babba ce, tana da ajin kasuwanci fiye da ɗaya. A ƙaramar makaranta mai aji ɗaya tak, ɗalibin da Alhamis ta faɗo wa kan dogon darasi har yanzu zaɓi biyu ne a gabansa, ya ajiye darasin ko ya ajiye kwas ɗin.